Awon Tasalla

Ni ne telanta, a layin 'yan goro, Agege.
Shekara ashirin da shida ina riƙe da awonta
a wani littafi da damina ta cinye wa gefe.
Ƙugu, kafaɗa, tsawon hannu:
iyakar abin da na sani game da ita ke nan da farko.

Ranar da ta fara zuwa, ragowar yadin labule ta kawo.
Ta ce, "Malam Sidi, ɗinka min rigar matar mai kuɗi
wadda kuɗin suka gudu suka bar ta."
Na ce, wace irin riga ce wannan?
Ta ce, "Ka sa mata babban aljihu, ka huda ƙasansa."

Uwarta na tuyar waina a bakin tashar jirgin ƙasa,
ita kuma tana kwaikwayon masu saye:
mahaucin Oko-Oba mai ƙirga canji sau uku,
kwandastan danfo da muryarsa ta tsage kamar tsohuwar ƙwarya,
Iya mai gida, da ke karɓar haya da Yarbanci
ta yi zagi da Hausar da ta tsinta a bakin 'yan haya.
Masu jiran jirgi sukan manta da jirgi.

A fim ɗinta na farko, magana biyu aka ba ta
da tsintsiya.
Ta share falon, ta share jarumin,
ta share fim ɗin kaf.
A shagona muka kalla,
mu goma sha ɗaya da janareto mai tari.
Na daɗe ina taka keke kafin in lura ba zare.

Abin da allo bai nuna ba:
ita ke rubutawa.
A bayan takardar kuɗin wuta, a cunkoson Oshodi,
biro a baki, jaka a cinya,
awa uku kafin Surulere,
ta sauka da labari guda da ciwon baya.
Sau huɗu sunan wani na hawa kan guminta.
A na biyar ta je ofis cikin rigar nan,
ta zura hannu a aljihu, yatsu suka leƙo ta ƙasa,
ta ce, "Oga, ga hanyar da hakkina ke bi."
Ya yi dariya har ya sa hannu.

Awo ba ya ƙarya.
Shekarar da aka san ta daga Ikeja har Kano
na ƙara inci huɗu.
Shekarar da ɗanta Nafi'u ya kwanta asibiti bai tashi ba
na rage shida. Ban ce komai ba,
ita ma ba ta ce ba.
Washegarin arba'in ta koma gaban kyamara,
ta fito a mai bin bashi a gidan makoki.
Legas ta yi dariya har da hawaye.
Ni da na ɗinka rigar
na ga inda gefen mayafin ya jiƙe tun kafin a fara ɗauka.

Yanzu a waya yara ke kallonta, minti ɗaya-ɗaya,
yankakkiya kamar ƙyallayen ƙarƙashin teburina.
Mama suke ce mata. Gwiwa ta fara yi mata gardama.

Jiya ta zo, ruwa ya cika kwata har bakin ƙofa.
Ta tuɓe takalmi, ta zauna a kan buhun ƙyalle,
ta ce tana rubuta wani sabo
a kan tsohon tela mai alkawarin Laraba
wanda bai taɓa faɗin wace Larabar ba.
Na ce ban san shi ba.
Ta ce, "Miƙe. Ɗaga hannu."
Ta zare tef daga wuyana ta aza min a kafaɗa.

Shekara ashirin da shida,
ban san ƙarfen bakinsa na da sanyi haka ba.